Obakulok da ƙaramin kuɗi: G3258, FX, i3 mai K ko Ryzen, wanne ya kamata ka saya?

Samari masu son haɗa kwamfutar tebur da kansu suna yawan tambaya wai wane furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta kenan) ne mai araha wanda in an matsa masa, abin da ake kira obakulok, zai ƙara gudu har ya kamo na masu kuɗi. Toh amsar tana da ɗan tsawo gaskiya, saboda wanda ya fi kowa ƙara gudu daban, wanda ya kamata ka zaro kuɗinka ka saya daban, kuma a tsakanin biyun nan ne mutane suke tafka asara. Mutum zai ga bidiyo an ɗaga wani tsohon Pentium da kashi 40 cikin ɗari ya ce shikenan ya samu, bai lissafa kuɗin madabod ba, wato bod ɗin da ake dasa komai a kansa, bai lissafa kula mai sanyaya furosesa ba, bai lissafa wutar da abin zai sha ba, balle zafin garinmu da ba irin na ɗakin mai bidiyon ba ne.

Abin da ake yi a obakulok ba wani sihiri ba ne. Gudun furosesa lissafi ne, akwai agogon tushe wanda yawanci 100 MHz ne, sai a ninka shi da wata lamba, maltifilaya kenan, in lambar 32 ce ka samu 3.2 GHz in ka maida ita 45 ka samu 4.5 GHz. Furosesa buɗaɗɗe shi ne wanda kamfani ya bar ka ka taɓa lambar nan. A wajen Intel sai mai harafin K ko KF a ƙarshen sunansa, kuma sai ka haɗa shi da madabod mai cifset na Z. A wajen AMD kusan duk Ryzen na tebur a buɗe suke, duk FX ma haka, sai dai a Ryzen bod ɗin ya zama B ko X, irin su B350, B450, B550, amma A320 da A520 a ƙa'ida basa barin ka ɗaga gudun furosesa. Kuma yawanci in ka ɗaga gudu sai ka ƙara bolteji don ya tsaya da ƙafarsa, bolteji kuwa shi ne uban zafi, don wutar da furosesa ke sha tana hawa ne da ninkin bolteji a kan kansa, ƙarin da kake gani kaɗan ne a bayos, wato shafin saitin madabod, sai ya zama zafi mai yawa a cikin akwati.

Kafin mu shiga sunaye akwai abin da ya kamata a cire daga hanya. Yawancin kwamfutocin tebur na tokumbo da suka cika shaguna, ko a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, na ofis ne, HP da Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko, suna aiki, amma bayos ɗinsu babu wajen ɗaga maltifilaya kwata-kwata, ko ka sayo furosesa mai K ka dasa a ciki da gudun da ya zo da shi zai yi ta tafiya, sannan da yawansu fawa fak ɗinsu, wato akwatin da ke ba injin wuta, ƙarami ne mai wata irin waya ta kansu da ba ta shiga wani bod. Don haka duk maganar da zan yi ta wanda zai haɗa da kansa ce da bod irin na ASUS, MSI, Gigabyte ko ASRock.

Pentium G3258 shi ne wanda sunansa ya fi fitowa in ana wannan hira, kuma ya cancanta. Intel ta fitar da shi a 2014 don cikar sunan Pentium shekara 20, kuɗinsa a lokacin wajen dala 72, kor biyu wato ma'aikata biyu a cikinsa, 3.2 GHz, wat 53, soket ɗinsa wato mazauninsa a kan bod LGA1150 ne, kuma ta bar shi a buɗe duk da babu K a sunansa. Mutane da yawa sun kai shi 4.2 zuwa 4.5 GHz, wasu ma da 'yar fankar da ta zo a kwalinsa suka wuce 4, waɗanda suka dace da mai kyau suka sa babbar kula har 4.7 sun gani. Daga 3.2 zuwa 4.5 ƙarin kashi 40 ne, irin ƙarin da ya tuna wa tsofaffin hannu Celeron 300A na 1998 wanda ake ɗagawa daga 300 MHz zuwa 450. Wani abin daɗin kuma, kamfanonin bod sun saki bayos da ke barin a ɗaga shi a kan bod na H81 da B85 masu araha ba sai na Z97 ba, duk da daga baya wani sabuntawa da ya zo ta Windows 10 ya riƙa sa wasu irin waɗannan injinan suna kunnuwa suna mutuwa har sai an maida gudun yadda yake ko an yi wata dabara.

Amma ɗan uwa kor biyu kor biyu ne. Ba shi da ƙarin zare, abu biyu kawai yake iya riƙewa a lokaci ɗaya, kuma ba shi da AVX, wasu umarnin lissafi na musamman, wanda manhajoji da gem na yanzu da yawa suke nema kafin ma su buɗe. Tun a shekarar da ya fito Far Cry 4 ya ƙi tashi a kan masu kor biyu sai da aka yi masa kwaskwarima, to ina ga yanzu. In kai mai ƙwallo ne, FIFA 23 mafi ƙarancin abin da ta nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600, kaga G3258 ko ya kai 4.7 baya cikin lissafi. Ka buɗe Chrome da shafuka goma, WhatsApp na kwamfuta yana gefe, Windows tana nata aikin a ƙasa, sai ka ji injin yana sarƙewa alhali lambar gudun tana da kyau a ido. Inda har yanzu yake da amfani shi ne tsofaffin gem, da emuleta irin Dolphin da ke son kor ɗaya mai gudu, sai kuma koyo. Wannan na ƙarshen da gaske nake, in kana son ka koyi obakulok da hannunka ba tare da gabanka yana faɗuwa ba babu kamar shi, yana da arha, baya zafi sosai, in ka ƙara lamba kana ganin bambanci nan take, in ma ya lalace ba ka yi asarar da za ta hana ka barci ba. Amma a ce shi ne injin aikinka na kullum a yau, a'a ban ba ka shawara ba.

In dai a tsofaffin Intel za ka tsaya, i5-2500K ya fi shi hankali. Na farkon 2011 ne, kor huɗu, 3.3 GHz yana hawa 3.7 da kansa, wat 95, kuma murfinsa da dalma aka liƙa shi shi ya sa zafi ke fita da sauri, 4.4 zuwa 4.6 GHz a kan kula ta iska abu ne da aka saba gani. Wanda ya biyo shi, 3570K na 2012, Intel ta koma sa man shafawa a ƙarƙashin murfi sai ya zama yana saurin ɗaukar zafi in an matsa. 4690K na 2014 an ɗan gyara, kuma soket ɗinsa ɗaya da na G3258, wato wanda ya fara da Pentium a kan Z97 zai iya hawa can. Matsalarsu duka ɗaya ce, furosesa ɗin yana samuwa da sauƙi amma bod na P67, Z68, Z77 ko Z97 mai lafiya ya yi wuya, wanda ka samu ma ya haura shekara goma yana aiki, sannan DDR3 ne, sannan Windows 11 a ƙa'ida daga ƙarni na 8 na Intel take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata a 14 ga Oktoba 2025. In kana da shi a gida ka ɗaga shi ka more, in sayowa za ka yi ka sake tunani.

FX-6300 kuwa ina ganin mutane suna ruɗuwa da shi saboda an rubuta kor shida kuma kuɗinsa ya faɗi warwas. Ya fito a ƙarshen 2012, 3.5 GHz yana kaiwa 4.1, wat 95, soket AM3+, kuma eh yana hawa 4.4 ko 4.5 in bod ɗin na kirki ne. Sai dai kor shidan nan bibbiyu suke a haɗe suna raba wasu kayan aiki, har ƙara aka kai AMD a Amurka kan yadda ta ƙirga kor na FX ta biya dala miliyan 12.1 a sulhun 2019. Kowane kor ɗinsa rarrauna ne, FX a 4.5 GHz baya kamo i5 na zamaninsa a gem da yawa, kuma wutar da yake sha in an ɗaga shi ba kaɗan ba ce, ka duba FX-9590 wanda kusan FX-8350 ne da kamfani ya ɗaga da kansa zuwa 4.7, wat 220 aka rubuta masa. Sannan baya son zafi ya wuce wajen digiri 70, sannan bod masu araha na 760G da aka fi samu da shi VRM ɗinsu, wato sashen da ke ba furosesa wuta, tsirara yake babu ƙarfen sanyaya, da ka matsa sai su yi zafi su ja gudun ƙasa da kansu. Ga wanda yake kan inbata ko janareta wannan ba ciniki ba ne. Athlon X4 860K ma kusan labarin kenan, 3.7 zuwa 4.0 yake zuwa, da ƙyar ake kai shi 4.4 ko 4.5, ƙarin bai taka kara ya karya ba kuma soket FM2+ ya mutu babu inda za ka hau daga nan.

Sai i3 masu K. i3-7350K na farkon 2017 kor biyu ne zare huɗu a 4.2 GHz, yana taɓa 4.8 har 5.0, amma kuɗinsa ya kusa na i5 tun ranar farko shi ya sa bai yi kasuwa ba. i3-8350K da ya zo a Oktoban 2017 ya fi ma'ana, kor huɗu na gaske, 4.0 GHz babu turbo wato baya hawa da kansa, wat 91, kuma 4.8 zuwa 5.0 GHz ana samu da kula mai kyau, wato ƙarin kashi 20 zuwa 25, a gem da ke son gudun kor ɗaya yana ba da mamaki. Amma ka zauna ka yi lissafi, kuɗinsa da ya fito wajen dala 170, baya zuwa da fanka a kwali sai ka saya, sai bod na Z370 ko Z390, alhali i5-8400 mai kor shida wajen dala 182 ya fito da fankarsa kuma daga 2018 yana zama a kan B360 ko H310 mai araha. Kuɗin sirdi ya zo ya fi na doki. A kasuwar na hannu ma abin bai canza ba, duk abin da ke da K ko Z masu sayarwa sun san ana nemansa suna ɗora masa kuɗi. Kor huɗu zare huɗu kuma ya fara gazawa a sababbin gem, za ka ga lambar firem tana da yawa amma hoton yana ɗan tsinkewa lokaci-lokaci, wanda ya fi ƙarancin firem ɗin ban haushi.

Yanzu mu zo inda nake ganin kuɗin mai ƙaramin ƙarfi ya fi tsira, wato soket AM4. Ryzen 3 1200 na 2017, dala 109, kor huɗu, 3.1 GHz yana hawa 3.4, mutane suna kai shi 3.8 ko 3.9 da fankar kwalinsa a kan B350, ƙarin wajen kashi 25 daga tushe. Ryzen 5 1600 kuma kor shida zare goma sha biyu, 3.2 zuwa 3.6, wat 65, shi ma 3.8 zuwa 3.9 yake tsayawa, wanda ya dace ya ga 4.0. Duk ƙarnin farkon nan suna da wata katanga a wajen 4.0 GHz, kana isa can ko ka zuba bolteji nawa ba za ka samu komai ba sai zafi, don haka kar ka wahalar da kanka ka tsaya a 3.8 ka huta.

Akwai wani 1600 da ya kamata ka sani, wanda ake kira AF. A ƙarshen 2019 AMD ta ci gaba da sayar da 1600 a wajen dala 85 amma cikinsa ta canza shi zuwa ƙirar 12nm irin ta Ryzen 5 2600, suna ɗaya kaya daban. Ana gane shi ta lambar da ke jikin murfi ko kwali, tsohon yana da AE sabon yana da AF. Shi yana kaiwa 4.0 zuwa 4.1 cikin sauƙi fiye da tsohon kuma ya fi jituwa da ram mai gudu. In mai shago ya ajiye maka 1600 guda biyu kuɗi ɗaya, karanta lambar ka ɗauki AF. 2600 ɗin kansa 3.4 zuwa 3.9 yake zuwa, ana kai duka kor ɗinsa 4.1 ko 4.2, kuma yana cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su.

Wanda ba shi da kuɗin girafik kad fa? Nan Ryzen 3 2200G na 2018 yake shigowa, dala 99, kor huɗu da girafik Vega 8 a cikinsa. A shi ba furosesa ɗin ake matsawa ba, girafik ɗin ake ɗagawa, daga 1100 MHz da yake zuwa ana kai shi wajen 1500, kuma wannan ƙari ne da ido ke gani a GTA V ko eFootball. Athlon 3000G da ya fito a dala 49 a 2019 shi ma a buɗe yake, 3.5 GHz yana kusantar 4.0, wat 35 kacal, amma kor biyu ne, matsalar G3258 ce ta dawo sai dai shi yana da zare huɗu kuma yana zaune a bod da za ka iya cire shi gobe ka sa babba.

Ryzen 3 3100 da 3300X na 2020 su ne misalin da ya fi nuna cewa lambar GHz ba ita ce komai ba. 3100 dala 99, 3.6 zuwa 3.9, 3300X dala 120, 3.8 zuwa 4.3, dukkansu kor huɗu zare takwas. 3100 yana ɗaguwa da kyau, 4.3 ko 4.4 a duka kor, sai ka ɗauka ai ya zama 3300X kenan ka ci ribar dala 21. Ina, a gem har yanzu 3300X yana gaba ko gudunsu ya zo ɗaya, saboda kor huɗun 3100 an raba su biyu-biyu a ɓangare daban-daban na cikin furosesa ɗin, duk saƙon da zai tsallaka sai ya ɗan yi jinkiri, shi kuwa 3300X duka huɗun a waje ɗaya suke da ma'ajiyarsu ta cikin furosesa mai 16MB a haɗe. Babu saitin bayos da zai gyara wannan. Duk da haka 3100 da aka kai 4.3 injin kirki ne, kuma a cikin sababbin nan shi ne na ƙarshe da obakulok na hannu yake ba ka abin a zo a gani.

Daga 3600 zuwa sama labarin ya canza. Ryzen 5 3600, 3.6 zuwa 4.2, da Ryzen 5 5600 na 2022, 3.5 zuwa 4.4, sun riga sun iya ɗaga kansu gwargwadon sanyin da suka samu, kamfani bai bar wani sarari mai yawa ba. In ka kafe 3600 a 4.2 da hannu abin da za ka ƙara kaɗan ne, wani lokacin ma ka rage masa. A 5600 abin da ake yi shi ne a kunna PBO, saitin AMD da ke barin furosesa ya ƙara ɗaga kansa, a ƙara masa 200 MHz ya riƙa taɓa wajen 4.6, sai a shiga Curve Optimizer a rage bolteji, lambar tana sauka har zuwa -30 amma ba kowane furosesa ke ɗauka ba, ka fara daga -10 kana gwadawa. Ƙarin gudun bai fi kashi 5 ba. Kaga a lissafin kashi shi ne na baya a duk waɗanda na ambata, amma 5600 da ba a taɓa shi ba ko kaɗan ya yi wa G3258 mai 4.7 da 8350K mai 5.0 nisa a kusan duk aikin da za ka ba su, kuma wutar da yake sha ba ta kai ta 8350K da aka matsa ba. 5500 ƙaninsa ne mai rahusa, ma'ajiyarsa rabi ce, 16MB maimakon 32, kuma PCIe 3.0 yake, in bambancin kuɗin ba yawa ka daure ka ɗauki 5600.

Abin da mutane suke mantawa kuma ya fi duk wannan tasiri a Ryzen shi ne ram. Hanyar da sassan furosesa ɗin ke magana da juna, Infinity Fabric, gudunta a ɗaure yake da gudun ram. Kai kuma ka sayo DDR4 an rubuta 3200 a jiki ka soka ka kunna, baka san a 2133 ko 2400 yake tafiya ba har sai ka shiga bayos ka kunna XMP, saitin da ke kai ram gudun da aka rubuta a jikinsa, a bod na ASUS sunansa DOCP. Dannawa ɗaya ce. Sannan sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya ta 16GB nesa ba kusa ba, musamman a 2200G da girafik ɗinsa daga ram yake ci. Ryzen na ƙarnin farko suna wahala in gudun ram ya wuce 2933 ko 3200, su 3100 da 3600 da 5600 kuwa ram mai gudun 3600 ne wajen zamansu. Wallahi na fi son in ga mutum ya gyara ram ɗinsa ya bar furosesa yadda yake da ya kwana yana neman ƙarin 100 MHz alhali ram ɗinsa sanda ɗaya ce a 2133.

A gefen Intel na kusa-kusa, i5-12600KF yana da ƙarfi kuma farashinsa ya sauko, amma sai Z690 ko Z790 da babbar kula don yana shan wat 150 tun kafin a taɓa shi, wannan ya fita daga sahun masu araha. Akwai wata dabara da ta fito a 2022 ta ɗaga i3-12100F da i5-12400F ta agogon tushe duk da a kulle suke, har sama da 5 GHz an gani, sai dai tana bukatar bod mai wani guntu na musamman irin MSI B660M Mortar Max ko ASRock B660M PG Riptide, Intel ba ta amince da ita ba, kuma samun irin bod ɗin a kasuwarmu sai an sha wuya. 12100F ko 12400F a kan bod na B660 na yau da kullum da XMP a kunne sun isa ba tare da wata dabara ba.

Toh sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi shafarmu. Lambobin da na kawo yawanci daga mutanen da suke gwaji a ɗaki mai digiri 21 zuwa 24 suka fito. Kula ta iska ba ta yin sanyi da kanta, zafin furosesa take kwashewa ta zuba a iskar ɗakin, in iskar ɗakin ta ƙaru da digiri 14 furosesa ma zai ƙaru da kusan haka. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, rana tana haura 40, ɗakin da babu AC yana iya zama 35 ko fi, saitin da ya ba wani 75 kai 89 zai ba ka. Shi ya sa obakulok ɗin da ka yi a Disamba cikin sanyin hunturu ya zauna lafiya, bazara na shigowa sai injin ya fara mutuwa a tsakiyar wasa. Ka yi gwajinka da rana tsaka a lokacin zafi, ko ka ajiye saiti biyu a bayos, na sanyi da na zafi. Hunturun ma da nasa, ƙura tana toshe tsakanin ƙarafan kula, in ba ka busawa ba za ka ga zafi yana hawa a hankali ba ka san dalili ba. Kula irin Hyper 212 ko Gammaxx 400 ko Thermalright Assassin X ta wadatar wa duk waɗannan, kuma a yanayinmu ko ba za ka yi obakulok ba sayenta ba asara ba ce, Ryzen na yanzu da kansa zai ƙara gudu in ya ji sanyi.

Wuta ma a lissafa. Batirin inbata na 200Ah a 12V wajen 2400Wh yake ɗauka a rubuce, in na ruwa ne rabi ake so ka ci don ya daɗe, wato 1200. Injin da obakulok ya ƙara masa wat 80 in ka yi awa biyar a kai ya cinye 400 daga ciki, kashi ɗaya cikin uku kenan a kan ƙarin da watakila ko a ido ba ka gani. Wannan ne ya sa na fi karkata ga masu wat 65, kuma ya sa rage bolteji ya fi burge ni fiye da ƙara shi. Fawa fak kuma kar ka yi wasa da shi, irin marasa sunan nan masu nauyin takarda da aka rubuta 500W a jiki su ne suke tafiya da bod da girafik kad a dare ɗaya, nemi mai suna mai tambarin 80 Plus, ka sa UPS ko aƙalla sitabilaiza a gaba.

In ka tashi yi, a hankali ake hawa. Ƙara maltifilaya da ɗaya ko biyu, ka shiga Windows ka kunna Cinebench ko OCCT ko Prime95, HWiNFO yana buɗe kana kallon zafi, in ya tsaya ka ƙara in ya faɗi ka ɗan ƙara bolteji ko ka koma baya. Kar ka bar bolteji a kan oto yayin da kake ɗaga gudu, bod da yawa suna zuba fiye da kima. G3258 da 4690K a tsaya wajen 1.3V, 2500K wajen 1.35, Ryzen na farko 1.35 don amfanin kullum, 3100 da 3600 kuwa masu 7nm ne basa son a kafe su sama da 1.3, ƙasa da haka ma ya fi. Zafi in ya zauna ƙasa da 80 zuwa 85 a gwaji mai tsanani ka samu natsuwa. In injin ya ƙi tashi gaba ɗaya kar hankalinka ya tashi, zare waya daga bango ka cire ɗan batirin CMOS na minti kaɗan ka mayar, komai zai dawo yadda yake. Ram kuma a gwada shi da MemTest86, don ram da bai zauna ba baya nuna kansa da wuri sai dai ka ga fayil ya lalace.

Da ni ne zan haɗa yau da kuɗi kaɗan, bod na B450 mai ƙarfen sanyaya a kan VRM zan fara nema, irin MSI B450 Tomahawk ko ASRock B450M Pro4, da ram sanda biyu na 3200, sai in sa furosesa gwargwadon abin da ya rage a aljihu. In ya yi ƙasa sosai 1600 AF ko 2600 in kai shi 4.0, in gem ne kawai a gabana 3100 in kai shi 4.3, in babu kuɗin kad 2200G in ɗaga girafik ɗinsa, in kuɗin ya kai 5600 in kunna PBO in rage bolteji in bar shi. Bod ɗaya ne yake ɗaukar dukkansu, ka fara da ƙarami bana ka sayar ka sa babba baɗi ba tare da ka canza ram ko bod ba. Mai aikin haɗa bidiyo ko zane da ke cin abinci da injinsa, shi kor shida ya nema kuma ya sassauta matsawa, don faɗuwar injin sau ɗaya a tsakiyar aikin kwastoma ta cinye duk mintunan da ƙarin gudun ya tara masa.

A wajen saye ka tambayi kuɗin furosesa da bod da ram da kula a dunƙule kafin ka ce wannan ya fi wancan araha. Ryzen na AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, ka juya shi ka kalla a haske ko akwai wadda ta lanƙwashe, na Intel kuma ƙafafun a soket ɗin bod suke can za ka leƙa. Mai K na hannu ba ka san boltejin da mai shi na farko ya yi shekaru yana ba shi ba, don haka a haɗa a kunna a gabanka, a buɗe CPU-Z ka tabbatar sunan ya yi daidai, a bar shi ya yi Cinebench ko sau biyu ne kana kallon zafi. In 5600 za ka ɗora a kan B450, bod ɗin sai an sabunta masa bayos kafin ya gane shi, ka sa mai shagon ya yi maka tun a can da wani tsohon furosesa. In kuma a gida za ka yi da kanka to lallai injin ya kasance a kan UPS ko inbata mai caji, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta bayos bod ɗin yana iya ƙin sake tashi sai an kai shi wajen mai gyara ya sake rubuta guntun da na'ura.